Yadda ake zaɓen dajin gwamnati don farautar barewa a Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu amsa wata tambaya da ke yawan tasowa a tsakanin 'yan uwanmu mazauna Amurka masu sha'awar farauta, musamman idan Satumba ta gabato. Mutum ya yanki lasisi, ba shi da gona, ba shi da aboki mai gona, to wane daji zai dosa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ya tafi filin gwamnati, ai na kowa ne. Haka ne, amma na kowa ɗin shi ne matsalar. A wurin da kowa ke da ikon shiga, barewar da ta tsira shekara uku ko huɗu ta riga ta haddace inda mutane ke bi. Don haka muke ganin wanda ya fara da neman sawun barewa ya fara daga ƙarshe. Ana fara sanin abin da doka ta yarda da shi a filin, sannan a gano inda sauran mafarauta ke taruwa, sai kuma a nemi dabbar a abin da ya rage.

Gwamnatin tarayya na riƙe da kimanin eka miliyan 640, kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙasar. Hukumar kula da filaye ta BLM tana da eka miliyan 245, Hukumar Gandun Daji tana da miliyan 193, kuma galibinsu a buɗe suke ga mafarauci. Sai dai mafi yawansu a yammacin ƙasar suke. A Nevada kusan kashi 80 na jihar na tarayya ne, a Iowa bai kai kashi ɗaya ba, a Texas kuwa fiye da kashi 90 na ƙasar yana hannun masu zaman kansu. Wanda ke zaune a gabas ko tsakiyar ƙasar, filayen jiha ne madogararsa, wato dazuzzukan jiha da wuraren kula da namun daji da ake kira WMA. Pennsylvania kaɗai tana da fiye da eka miliyan ɗaya da rabi da aka keɓe don farauta. Akwai iri biyu da sababbin shiga ke mantawa da su, alhali sau da yawa sun fi ƙarancin cunkoso: filayen da ke kewaye da madatsun ruwa na rundunar injiniyoyin soja, da gonakin mutane da jiha ke haya ta buɗe wa masu shiga da ƙafa, kamar shirin WIHA na Kansas da Block Management na Montana. Kaso mai tsoka na kuɗin kula da filayen jiha yana fitowa ne daga lasisi da kuma harajin kashi 11 na bindigogin farauta da harsasai, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe don kula da namun daji. Wanda ya yanki lasisi haƙƙinsa yake ci, kada ya shiga dajin yana ɗari-ɗari.

Kowane fili da tasa dokar, kuma dokar fili takan fi ta jiha tsauri. Manyan gandayen shaƙatawa irin su Yellowstone an haramta farauta a cikinsu. Wani WMA ɗin kwari da baka kaɗai ya yarda da su. Wani sai an jefa ƙuri'a tun watanni kafin lokaci. Wani yana buƙatar ka rubuta shigarka da fitarka kullum, wani kuma ya ƙayyade yawan rassan ƙahon namijin da za a harba. Zuba masara don jawo dabba haramun ne a mafi yawan filayen gwamnati, haka ma murɗa ƙusa a jikin bishiya don hawa. Kyamarar da ake ɗaurewa a itace ma ba ko'ina aka yarda da ita ba, Kansas ta hana ta a filayenta tun 2023. Duk wannan yana cikin littafin dokoki da hukumar namun daji ta jiha ke fitarwa kowace shekara, kuma na bara ba ya tsaya wa na bana. Ga wanda ya shigo ƙasar da bizar karatu ko ta aiki akwai ƙarin abin lura: dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shi ne lasisin farauta mai aiki. Ya tabbatar da matsayinsa kafin ya taɓa makami.

Bayan doka sai alƙaluma. Hukumomin jihohi suna wallafa yawan bareyin da aka kashe a kowace gunduma ko shiyyar farauta. Kada babban adadi ya ruɗe ka, domin gundumar da aka fi kashewa sau da yawa ita ce wadda ta fi cika da maharba. A raba adadin da faɗin ƙasar, idan an ba da yawan mafarauta a kwatanta da shi, a kuma duba shekara uku zuwa biyar a jere. Daga nan a buga waya ga jami'in namun daji na yankin. Ba zai nuna maka bishiyar da za ka hau ba, amma zai gaya maka inda aka sare itatuwa kwanan nan, inda aka yi ƙuna da gangan, da ko cutar EHD ta ratsa wurin. Wannan cuta wasu ƙananan ƙwari ne ke yaɗa ta a ƙarshen lokacin zafi, musamman shekarar fari, kuma takan kashe bareyi da yawa a bakin ruwa ta bar kwari guda fayau na tsawon shekaru. Ka tambaye shi kuma game da CWD, cutar ƙwaƙwalwa da aka fara gani a Colorado a 1967, wadda yanzu ta shiga fiye da jihohi 30. Shiyyar da take ciki tana da dokar gwajin dabba da ta hana fitar da kai da ƙashin baya, kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana ɗauke da ita.

Yanzu sai taswira, kuma a nan ne aikin ya fi nauyi. Manhajoji irin su onX Hunt da HuntStand suna nuna iyakokin filaye da masu su, Google Earth yana nuna hoton wurin a shekaru daban-daban, taswirorin hukumar safiyon ƙasa ta USGS kuma suna nuna tudu da kwari. Abu na farko da za ka zana shi ne mutane. Sa alama a kowane wurin ajiye mota, kowace ƙofa, kowace hanyar ƙafa da sansanin kwana. Sai ka zagaye kowannensu da da'ira ta kusan rabin mil, ka ɗauka cewa abin da ke ciki an gama da shi. Wani bincike da aka yi a dajin Sproul na Pennsylvania, inda aka bi zirga-zirgar mafarauta, ya nuna kusan tara cikin goma ba su yi nisan da ya wuce rabin kilomita daga hanyar mota ba, kuma suna guje wa gangare mai tsauri. A filayen Hukumar Gandun Daji a nemi taswirarta ta hanyoyin mota, domin hanyar da ke hoto tana iya kasancewa a kulle, kuma kullalliyar hanya alheri ce ga mai tafiya da ƙafa.

Shawarar da ake ta maimaitawa ita ce a yi nisa sosai. Mu ba mu ɗauke ta gaba ɗaya ba. Tun da manhajojin nan suka shiga aljihun kowa, wurin da ya fi nisa daga hanya kowa yana ganinsa, kuma masu ƙarfin ƙafa can suke haɗuwa. Abin da ke tsare mutane shi ne wahala. Ƙorama da sai an sa dogon takalmin roba kafin a ƙetare, fadama mai laka, hawa mai tsayin ƙafa 400, sarƙaƙiyar ƙaya, tsibiri ko gaɓar tafki da sai da kwalekwale, duk waɗannan suna rage mutane fiye da mil biyu na miƙaƙƙiyar hanya. Akwai kuma wuraren da ake rainawa saboda kusancinsu. Ɗan kurmi mai eka biyar a bayan wurin ajiye motoci, ko siririn daji a gefen babbar hanya inda babu wurin tsayawa, kowa yana wuce shi da fitila kafin asuba, kuma tsofaffin maza sukan kwanta a irinsa suna jin ƙarar ƙofofin mota. Haka ma girman fili. Eka 200 da gonakin masara da waken soya suka kewaye sau da yawa sun fi eka 20,000 na dogon daji iri ɗaya yawan dabba, ko da yake ƙaramin fili mutum biyu ko uku sun isa su lalata shi.

A kula da iyaka. Wasu filayen gwamnati gonakin mutane sun rufe su ta ko'ina, babu halastacciyar hanyar shiga. A yamma akwai inda filaye ke jere kamar gidajen dara, na gwamnati yana taɓa na gwamnati ta kusurwa kaɗai. A Maris na 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke, a shari'ar da ta taso daga Wyoming, cewa tsallakawa ta kusurwar bai saɓa doka ba muddin ba a taka filin mai zaman kansa ba, amma hukuncin na jihohin da ke ƙarƙashin wannan kotu ne. A jihohi irin su Texas da Missouri shunin fenti a jikin itace ko turke yana nufin an hana shiga. Layin da manhaja ke nunawa yana iya kaucewa da yadi da dama, saboda haka kada a zauna dako a kan iyaka. Barewar da kibiya ta sama takan yi gudun yadi ɗari ko fiye, kuma a jihohi da yawa ba ka da ikon bin ta cikin gonar wani sai da izininsa.

Idan an cire wuraren mutane, a abin da ya saura ake neman abu uku: makwanci, abinci, da turbar da ke haɗa su. A filin gwamnati makwanci ya fi daraja, domin barewar da ake matsa wa ba ta isa fili buɗaɗɗe sai dare ya yi, kuma a jihohi da yawa harbi yana ƙarewa rabin sa'a bayan faɗuwar rana. Makwanci yana inda duhuwa take. Dajin manyan itatuwa mai tsabtar ƙasa yana da daɗin kallo, amma barewa ba ta cin abin da ya fi ƙafa biyar ko shida tsayi, kuma babu abin da zai ɓoye ta a ciki. Wurin da aka sare shekara biyu zuwa goma da suka wuce ya haɗa abinci da mafaka wuri guda. Hotunan baya na Google Earth za su nuna maka shekarar saran. A hoton sama ka nemi inda launi ya sauya, inda fadama ta haɗu da tudu, inda sabon tsiro ya haɗu da tsohon daji, inda itatuwa masu zubar da ganye suka haɗu da waɗanda ba sa zubarwa. Barewa tana bin irin wannan gaɓa.

A ƙasa mai tuddai, layukan tsayi na taswira su ne jagora. Idan sun matsu, gangaren yana da tsauri, idan sun buɗe, wurin ya kwanta. Lotsawar da ke tsakanin kawunan tudu biyu, wadda ake kira sirdi, nan dabba ke ƙetarewa don rage hawa, sai dai babban sirdin da ke kusa da hanya kowa ya gan shi, a nemi ƙananan. Ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiyar gangare yakan zama turba da wurin kiwo. Kan kwazazzabo, inda zaizayar ta ƙare, yana tilasta wa dabba ta zagaya ta sama, sai turbobi da yawa su haɗu a faɗin yadi ashirin. Manyan maza sukan kwanta a hancin tudu, ƙasa kaɗan da ƙololuwa, a ɓangaren da iska ba ta bugawa. Iska tana kawo musu warin abin da ke bayansu, idonsu yana kan kwarin da ke gabansu. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa a nemi matsattsi: siririn daji tsakanin gonaki biyu, ko tsakanin kogi da fili.

Abinci yana sauyawa da wata, shi ya sa wurin da ya cika da bareyi a Agusta yakan zama kango a Oktoba. Idan 'ya'yan itacen oak suka fara zuba, dabbobin suna barin gonaki su koma daji. Na farin oak sun fi ƙarancin bauri, su ake fara cinyewa, kuma ba sa daɗewa a ƙasa don suna tsirowa tun kafin sanyi. Na jan oak sun fi bauri, amma suna kai wa tsakiyar hunturu. Ba kowace shekara itacen ke yin 'ya'ya sosai ba, don haka a ƙarshen Agusta a ɗaga tabarau mai hangen nesa a duba rassan sama. A shekarar da ko'ina ya yi 'ya'ya bareyi suna warwatsuwa, a shekarar ƙaranci kuwa itace guda mai zuba ya isa a zauna masa.

Wuri komai kyansa, idan iska ba ta ba da damar shiga ba, a bar shi. Hancin barewa ne babban makaminta. A yawancin arewa da tsakiyar ƙasar iskar kaka daga yamma ko arewa maso yamma take zuwa, don haka wurin da ake shiga ta gabas ko kudu ya fi sauƙi. Ban da wannan akwai iskar gangare: idan rana ta ɗumama tudu da hantsi iska tana hawa sama, da yamma kuma idan inuwa ta sauka sai ta gangara kwari da warinka. A ƙasan kwazazzabo iska jujjuyawa take yi, shi ya sa sawu ke da yawa a can amma dako ba ya ci. Garin hoda da ake fesawa yana nuna yadi biyu ne kawai. Audugar tsiron daji mai tashi ta fi, don za ka bi ta da ido har yadi hamsin ka ga inda ta karkata. Tun a taswira ka zana hanyar shiga da ta fita waɗanda ba sa ratsa makwanci ko wurin kiwo, ko da za su ninka tafiyar. Cikin ƙorama hanya ce mai kyau, tana ɓoye mutum, tana rage ƙara.

Daga taswira a fitar da wurare takwas ko goma, sannan a taka su, domin gani ya kori ji. Rabinsu za su faɗi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an rufe farauta, daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu, kafin sabon ganye ya fito. Alamun kakar da ta wuce suna nan a fili, kuma idan ka tayar da dabba daga makwancinta tana da watanni ta manta. Makwanci shi ne ciyawa ko ganyen da ya kwanta da siffar ƙwai, sau da yawa da farin gashi a ciki. Guda ɗaya babba a keɓe na namiji ne, da yawa masu girma daban-daban na mata da 'ya'ya ne. Ka tsuguna a ciki ka ga abin da dabbar ke gani. Itacen da aka gurje wa ɓawo da ƙaho yana nuna namiji ya bi, jerin irinsu yana nuna turbarsa, kuma gefen da aka gurje yakan fuskanci inda ya fito. Ƙasar da aka karce a ƙarƙashin wani reshe mai lanƙwasa alama ce ta gabatowar barbara, amma mafi yawan ziyarar da ake kai mata da dare ne, sai wadda ke manne da duhuwa ce ta cancanci dako. Barewa ba ta da haƙoran gaba na sama, don haka reshen da ta ci a yage yake, na zomo kuwa a yanke yake tsaf. Ka lura da sawun mutane kamar yadda kake lura da na dabba: ƙyalle mai haske a reshe, ƙusoshi masu ƙyalli na nuna hanya, kwanson harsashi, kujerar ƙarfe da aka bari a bishiya.

Idan lokaci ya buɗe, bincike ya zama gajere, da tsakar rana, iska a fuskarka. Abin nema shi ne sabo: kashi mai danshi da sheƙi, sawu mai kaifin baki, ɓawon itace da bai bushe ba. Da ka samu, zauna a ranar, domin zaman farko a wuri shi ya fi ci, kowane dawowa yana barin wari. Safiyar Asabar ta farko kuma a zagaya wuraren ajiye mota a ƙirga motoci, wannan ya fi kowace manhaja faɗin gaskiya. A arewa barbara tana kai ƙololuwa wajen tsakiyar Nuwamba, a wasu sassan kudu irin su Alabama sai Janairu. A makonnin nan maza suna yawo da rana tsakanin makwantan mata, matsattsi da sirdi suna biya.

Duk wannan ya fi shafar barewa mai farar wutsiya. Barewa mai manyan kunnuwa ta yammacin ƙasar ana nemanta ne da tabarau daga kan tudu, don haka a zaɓi wurin da ke da mahanga mai kallon gangare da yawa, rana a bayanka. Kuma tana ƙaura. A Wyoming akwai garken da ke tafiyar kusan mil 150 tsakanin makiyayar zafi da ta sanyi. Wanda ya ga bareyi a saman dutse a Agusta, izininsa kuma na Nuwamba ne, ya nemi inda dusar ƙanƙara za ta koro su.

Kafin ka tsayar da wuri ka lissafa fitar da nama. Babban namiji a arewa, bayan an cire kayan ciki, yakan kai kilo 70 zuwa 90. Jan wannan mil guda a kan hawa aikin sa'o'i ne ga mutum ɗaya, kuma idan zafi ya haura digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin cuta suna fara aiki a naman. Ka duba ko jiha ta yarda a sassare dabbar a daji a ɗauko a jaka. A yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin dajin da ba a taɓawa, ko amalanke mai taya ba a yarda da shi ba. Wurin da ba za ka iya fitar da nama daga cikinsa kafin ya lalace ba, a soke shi daga jerin.

A ƙarshen binciken a riƙe wurare uku zuwa biyar, kowanne da iskar da ta dace da shi, domin ranar da ka tarar da mota a ƙofa ko fitila a bishiyarka ka wuce na gaba ba tare da gardama ba. A sauke taswirar cikin waya tun a gida, don kwari ba shi da sabis, a haɗa da ta takarda da kamfas. Lokacin bindiga a sa rigar ruwan lemo mai haske gwargwadon dokar jiha, Pennsylvania tana buƙatar murabba'in inci 250 a kai da ƙirji da baya. Mai hawa bishiya ya ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa, faɗowa tana cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa. A duba jiki don kaska bayan kowace fita, saboda cutar Lyme. Kuma a bar wa wani a gida sunan filin, ƙofar da aka shiga, da lokacin da ake sa ran dawowa.

Wassalam.

Naka,
Wasu mafarauta masu karanta jaridarka